Bindigar iska ƙirar hannu: ina ƙarfin yake, ina haɗarin yake?

A cikin masu ƙere-ƙeren sha'awa akwai wani rukuni da ba ruwansu da albarushi. Abin da ke burge su shi ne iska: a matse ta a cikin mazubi, a sake ta farat ɗaya, ta ingiza wani abu ta cikin bututu. Wasu ƙwallon tanis suke harbawa, wasu dankali, wasu kuma 'yar ƙwayar dalma da ba ta kai ƙwayar masara girma ba. Akwai masu rediyon sha'awa da ke amfani da irin wannan na'ura don cilla igiyar eriya ta bisa dogayen itatuwa. A filayen wasa na Amurka da ita ake jefa wa 'yan kallo riguna. Kamfanonin ƙera jiragen sama ma suna da babbar irinta, wadda suke harba mushen kaza da ita a kan gilashin jirgi da injinsa, don su ga abin da zai faru idan jirgi ya yi karo da tsuntsu a sama.

Duk waɗannan na'urori, manya da ƙanana, sassa uku ne ginshiƙinsu: mazubin da ke riƙe iskar, bawul ɗin da ke sakinta, da bututun da abin harbin ke bi. Sabon shiga yakan zuba hankalinsa kacokan a kan na ukun, wato yaya nisan harbin zai kasance, yaya gudunsa. A ganina an juya lissafin. Tura ƙwaya ta cikin bututu shi ne mafi sauƙi a aikin. Mai wuyar shi ne tsare iskar kafin a sake ta, kuma a can ne kusan dukan ƙarfin yake zaune, kusa da fuska da hannun mai riƙe da abin.

Bari mu sa lambobi, don maganar ta fita daga zato. Ana auna ƙarfin abin da aka harba da ma'aunin jul: rabin nauyinsa a kilo, a ninka da gudunsa, a sake ninkawa da gudunsa. Ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 nauyinta wajen rabin giram ne. Idan ta fita da gudun mita 250 a daƙiƙa, ƙarfinta bai wuce jul 16 ba. To a koma ɗaya ɓangaren. Lita ɗaya ta iskar da aka matse zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), wanda shi ne matsin da ake cika yawancin bindigogin iska na kamfani da shi, tana ɗauke da ƙarfin da ya kai dubban jul gomomi. Ƙwayar da ta fita ta ɗauki ɗan mitsitsi ne kawai daga wannan taska. Sauran yana nan a cikin ƙarfen, yana jiran harbi na gaba, ko kuma yana jiran wuri mafi rauni a jikin mazubin.

Me ya sa iska ke iya ɓoye ƙarfi haka? Domin tana matsuwa. Tun a 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa idan aka rage wurin da iska take ciki zuwa rabi, matsinta yakan ninka, muddin zafinta bai canza ba. Kafin a kai bar 200, sai an tura iskar da za ta cika lita kusan 200 a cikin lita ɗaya, kuma duk wahalar da famfo ya sha wajen turawar tana nan a ajiye. Ruwa ba haka yake ba. A bar 200 ɗin nan ruwa ba ya raguwa da fiye da kashi 1 cikin 100, don haka ƙarfin da lita ɗayarsa ke ajiyewa bai wuce jul 100 ba. Wannan ne dalilin da ya sa masu gwada tukwanen gas da na masu nutso a teku ba sa gwada su da iska. Ruwa suke cika su da shi, su kai matsin sama da wanda tukunyar za ta yi aiki da shi, galibi ninki ɗaya da rabi ko fiye. Idan ta gaza, tsagewa za ta yi, ruwa ya tsiyaye, matsin ya faɗi nan take. Da iska ce a ciki, gutsattsarin ƙarfe ne zai watsu a ɗakin. Mai ƙira a gida da ya haɗa mazubinsa ya ɗura masa iska "don ya gani ko zai riƙe", ya yi gwajin da masana'antu suka daɗe da haramta wa kansu.

Wani zai ce, ai mu ba ma zuwa ko kusa da bar 200, famfon keke ne ko ƙaramin kwamfuresa, bar 6 zuwa 8. Gaskiya ne, amma matsi rabin labari ne, ɗaya rabin shi ne faɗin wurin da yake dannawa. Bar 1 kusan nauyin kilo 1 ne a kan kowane murabba'in santimita. Murfi mai faɗin santimita 10 yana da murabba'in santimita wajen 78. A bar 8, ƙarfin da ke neman tumɓuke murfin ya haura kilo 600. Fiye da rabin tan, a kan murfin da aka liƙa da gam, ko aka murɗa a kan zare 'yan layuka. Shi ya sa a haɗurran irin waɗannan na'urori sau da yawa murfi ko mahaɗi ne ke fara tashi, kuma murfin baya yakan kasance yana kallon cikin mai harbin ko ƙafarsa.

Haka kuma faɗin bututu yana cin amanar ido. Mutum yakan ga babban bututu ya ɗauka ya fi ƙarfi, alhali a kauri ɗaya, yadda bututu ya ƙara faɗi haka jan da bangonsa ke sha yake ƙaruwa. Kuma jan da ke neman buɗe shi ta kewaye ya ninka wanda ke jansa ta tsawo sau biyu, abin da ya sa bututu ke tsagewa a tsaye daga sama zuwa ƙasa. Mai son ƙara yawan iska ta hanyar ƙara faɗin mazubi yana ƙara ƙarfin da aka ajiye, yana kuma rage juriyar abin da ke tsare shi, duka a lokaci guda.

Nan ne maganar bututun roba na PVC ta shigo, domin shi ne abin da ya fi yawa a hannun sababbin masu wannan sha'awa: ga sauƙin yanka, ga sauƙin liƙawa, ga lambar matsi an buga a jikinsa. Lambar nan ta ruwa ce, kuma ta ruwa mai matsakaicin zafi. Tun a 1988 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi a kan amfani da bututun PVC a fili don ɗaukar matsattsiyar iska. Matsalar ba ta tsaya ga cewa zai iya fashewa ba, ta haɗa da yadda yake fashewar. Tagulla da ƙarfe mai laushi sukan kumbura, su lanƙwashe, su tsage, suna ba da alama tukuna. PVC tarwatsewa yake yi kamar tangaran, ya zama tsinin gutsattsari masu kaifi. Sanyi yana ƙara masa gautsi, hasken rana yana cinye shi a hankali, man da ke biyo iskar kwamfuresa na iya raunana shi, zafi kuma yana rage matsin da zai iya ɗauka. Faɗuwa ɗaya a kan siminti na iya barin tsagar da ido ba ya gani.

Hujjar da aka fi ji daga masu kare shi ita ce: na yi harbi da nawa sau ba adadi, bai taɓa yin komai ba. Wannan hujja ba ta da nauyin da ake ba ta, saboda kayan da ake cikawa ana saukewa suna gajiya. Kowace cikawa tana ɗan buɗe ƙaramar tsaga, kowace saukewa tana rufe ta, tsagar na tsawo kaɗan-kaɗan har ranar da ragowar bangon ya kasa. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragen fasinja biyu ƙirar Comet na Birtaniya suka tarwatse a sama. Masu bincike a garin Farnborough na Ingila sun saka gangar jikin wani jirgin a cikin ƙaton tankin ruwa, suna cika ta da matsi suna saukewa, har ta tsage daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikinta. Injiniyoyi ne ƙwararru suka ƙera jirgin, kuma ya yi tafiye-tafiye masu yawa lafiya kafin ranar. Yawan harbin da aka yi lafiya a baya ba shaidar lafiyar mazubi ba ce, lissafin shekarunsa ne da ke ƙarewa.

Ga kuma ruwa. Iskar da muke shaƙa tana da danshi, idan aka matse ta kuma danshin yakan zama ɗigon ruwa a cikin mazubi. Tukunyar ƙarfe takan yi tsatsa daga ciki, waje yana sheƙi. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama ake duba cikin tukwanen masu nutso a kai a kai, a kuma maimaita gwajin ruwa duk shekara biyar. Tsohuwar tukunyar kashe gobara da aka tsinta, ko wata silinda da ba a san tarihinta ba, ba ta da wannan shaida. Idan kuma aka huda ta ko aka yi mata walda don a ɗaura mata wani abu, lambar da ke jikinta ta tashi daga aiki, domin ba tukunyar da aka gwada ba ce kuma.

Abu ɗaya da ba ya buƙatar dogon bayani: iskar oksijin zalla ba ta shiga wannan harka ko kaɗan. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da mai ko giris yakan sa su kama da wuta da kansu.

To, idan mazubi ne gidan haɗari, ina gidan gwaninta? Bawul. Ƙwayar ba ta daɗewa a cikin bututu, 'yan kaso ne cikin dubu na daƙiƙa. Duk iskar da ta fito bayan ƙwayar ta bar baki, asara ce, ƙara kawai take yi. Saboda haka tambayar da ke gaban mai tsara bindigar iska ita ce yadda zai ba da daidai gwargwadon iskar da ake buƙata a cikin wannan ɗan ƙiftawar, sa'annan ya maimaita hakan daidai wa daida a kowane harbi. Wannan na biyun ya fi wuya. Kowane harbi yana rage matsin da ke cikin mazubi, ƙwaya ta gaba ta fita da gudu daban, ta sauka a wuri daban. Bindigogin gasa suna magance wannan da wata 'yar na'ura da ke tsakanin babban mazubi da bawul, wadda ke ɗebo iska a matsi ɗaya tak kowane lokaci.

A gasar Olamfik ake ganin iyakar abin da wannan daidaito ke nufi. Harbin bindigar iska daga nisan mita 10 ya shiga gasar a 1984 a Los Anjelas, ƙaramar ta hannu kuma ta biyo baya a 1988 a Seoul. Tsakiyar abin bara na doguwar bindiga ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. A wannan fanni ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinarenta na farko na mutum ɗaya a Beijin a 2008. Abin lura shi ne bindigogin nan ba su da wani ƙarfin a-zo-a-gani, jul 7.5 ne ko ƙasa da haka. Ƙwararrun da suka fi kowa sanin harkar ba ƙarfi suke nema ba, maimaituwa suke nema.

Ko mai neman ƙarfin ma akwai katangar da ke gabansa. Iska ba za ta iya tura abu fiye da saurin da ita kanta take iya bazuwa ba, wannan kuwa yana da alaƙa da gudun sauti a cikinta, wajen mita 343 a daƙiƙa a yanayi matsakaici. Yayin da ƙwaya ta doshi wannan gudu, ƙarin matsi ba ya ba da riba sai kaɗan, iskar kuma tana sanyi tana bazuwa, abin da ke ƙara rage mata kuzari. Ɗakunan binciken da ke son gudun kilomita 6 ko 7 a daƙiƙa, don kwaikwayon yadda tarkacen sararin samaniya ke bugun kumbo, sai sun koma ga gas mara nauyi irin su haidurojin. Ga mai ƙira a gida ma'anar wannan a fili take: daga wani mataki, kowane ƙarin matsi yana ƙara haɗarin da ke bayansa fiye da yadda yake ƙara gudun da ke gabansa.

Ba sabon ciwon kai ba ne. Bindigar iska mafi tsufa da ta rage, wadda ake ƙiyasta an yi ta wajen 1580, tana wani gidan tarihi a Stockholm. Wadda ta fi shahara kuwa ita ce ta Bartolomeo Girardoni, wadda rundunar Ostiriya ta ɗauka wajen 1780. A zamanin da soja ke ɗura albarushi ta baki bayan kowane harbi, ita tana ɗaukar ƙwayoyi kusan 20 a jere, ba hayaƙi, ba walƙiya. Mazubin iskarta shi ne gindin bindigar kansa, ana cika shi da famfon hannu, bugu wajen 1,500. Lewis da Clark, masu binciken ƙasa 'yan Amurka, sun tafi da bindigar iska a tafiyarsu ta ratsa Amurka daga 1804 zuwa 1806, suna nuna ta ga al'ummomin da suka tarar. Amma da aka kai wajen 1815 Ostiriya ta ajiye ta. Ba harbin ne ya gaza ba. Mazuban ne ke da wuyar ƙerawa da fasahar lokacin, suna yoyo, suna lalacewa, ga wahalar cikawa, ga buƙatar soja mai horo na musamman. Daula guda da maƙeranta ta yi shekaru fiye da talatin tana fama da sashen da sabon shiga a yau yake ɗauka ƙaramin abu ne.

Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban don kauce wa matsalar. Bindiga mai sifirin ba ta ajiye iska sam: ƙarfin yana cikin sifirin da aka danne, sai a lokacin harbi fistan ya matse iskar da ke gabansa. Matsewar tana da sauri har iskar takan yi zafin da zai kunna ɗigon mai idan an zuba wanda bai dace ba, irin yadda injin dizal ke aiki. Masu amfani da gas ɗin CO2 kuma suna cin moriyar cewa gas ɗin yana zama ruwa a cikin 'yar tukunyarsa, matsin yana tsayawa wajen bar 57 a zafin digiri 20 muddin akwai sauran ruwan. Sai dai matsin yana bin zafi: da sanyi harbi ya yi rauni, a cikin mota mai zafi kuma ya hau sosai. Shi ya sa manyan tukwanensa ke da wani ɗan faifai da aka yi shi musamman don ya fashe kafin tukunyar ta fashe. Irin wannan ƙofar tsira, wato wurin da aka zaɓa tun farko ya zama shi zai fara gazawa ba tare da ya cutar da kowa ba, ita ce abin da ke bambanta aikin injiniya da haɗe-haɗe, kuma ita ce aka fi rasawa a ƙirar gida. Ko masu gwaninta ba su tsira ba: a gasar cilla kabewa ta jihar Delaware a Amurka, a 2016, wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin wata ƙatuwar bindigar iska ya ji wa wata mata mummunan rauni.

Saura doka, inda mutane da yawa ke ɗauka cewa rashin albarushi ya wanke su. A dokar tarayyar Amurka akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ma'anar bindiga a dokar 1968 ta rataya ne a kan abin fashewa, amma jihohi suna da nasu hukuncin, New Jersey ma tana lissafa bindigar iska cikin bindigogi. Sauran ƙasashe da yawa ƙarfin harbi suke dubawa. A Ingila da Wales doguwar bindigar iska da ta haura kimanin jul 16 sai da lasisin bindiga, ƙaramar ta hannu kuwa iyakarta kimanin jul 8. Sikotilan ta ƙara tsauri: daga ƙarshen 2016 ko mai ƙaramin ƙarfi sai da lasisi, bayan shekaru ana matsa lamba tun mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu da aka harba da bindigar iska a Glasgow a 2005. A Jamus iyakar ita ce jul 7.5, kuma dole bindigar ta ɗauki tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar, wanda hukuma ce ke ba da izininsa. Wadda aka haɗa a gida ba ta da wannan tambari komai rauninta. Kanada tana haɗa sharuɗɗa biyu, gudun mita 152.4 a daƙiƙa da ƙarfin jul 5.7.

A sake duba lissafin farko da waɗannan lambobi a zuciya. Ƙwallon tanis nauyinsa wajen giram 58 ne. Idan ya fita da gudun mita 60 a daƙiƙa, gudun da manyan 'yan wasa ke kaiwa idan sun buga shi da raket, ƙarfinsa ya haura jul 100, wato ninki shida na iyakar Ingila, ninki goma sha uku na ta Jamus. Ko hukuma za ta ɗauki irin wannan na'ura a matsayin makami, ya danganta ga ƙasar da kuma abin da na'urar ke iya harbawa, kuma a Birtaniya abin da bindiga za ta iya yi ake aunawa, ba abin da mai ita ya saba yi da ita ba. Yawancin masu haɗa ta a gida ba su da na'urar auna gudu, don haka ba su san a wane gefen layin suke ba.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a wannan sha'awa sukan raba aikin gida biyu. Duk abin da ke riƙe matsi, mazubi da mahaɗai da ma'auni da bawul ɗin tsira, suna sayen wanda aka yi don iska, mai lamba da shaidar gwaji, ba sa huda shi, ba sa yi masa walda. Basirarsu kuma suna zuba ta a inda kuskure ba ya fashewa: sassaƙa gindi ya dace da kafaɗa, gyara laushin kunama, daidaita saiti, gwada nauyin ƙwaya daban-daban a gaban na'urar auna gudu suna rubuta sakamako. Suna sa gilashin kare ido ko da ƙaramin matsi ne, domin ƙwayar dalma takan dawo idan ta bugi abu mai tauri, ido kuwa ba ya buƙatar jul 16 kafin ya fashe.